Tayoyin Taubashina

A aljihun motata, ƙarƙashin tsumman goge gilashi, akwai wata takarda da wa'adinta ya wuce tun tuni, amma na kasa jefar da ita. An rubuta a kanta cewa an duba motata an same ta lafiya lau, ta cancanci hawa titi. Ranar da aka buga mata hatimi a Katsina ita ce ranar da ɗan gwaggona ya rasa amfanin hannunsa na hagu a hanyar Safana. Abubuwan biyu a haɗe suke, kuma ni na haɗa su.

Motar tawa farar bas ce 'yar Kwatano, ni ne na uku da ya riƙe ta a ƙasar nan. Asalinta ta ɗaukar kaya ce. Har yanzu idan rana ta daki gefenta kana iya hango hoton burodi a ƙarƙashin fenti, alamar can inda ta fito gidan burodi ta yi wa bauta. A Katsina aka yanka mata tagogi, aka walda mata kujeru, ta koma cin mutum goma sha huɗu idan an bi ƙa'ida, sha takwas idan ranar kasuwa ce. Ina jigila da ita tsakanin Batsari da Katsina, sawu biyu a rana, wani lokacin uku.

Tsohuwar mota ba ta yi wa mai ita ƙarya, sai dai shi ya yi wa kansa. Na san duk inda ke mata ciwo. Birkinta sai an taka sau biyu yake kamawa. Birkin hannu kuwa ado ne, shi ya sa nake yawo da wani guntun icce da nake tokare taya da shi. Ƙofar fasinja sai an ɗaga ta sama kaɗan da gwiwa take rufuwa. Tsatsa ta ci ƙasanta har akwai inda mai zama a baya yake kallon kwalta na gudu tsakanin ƙafafunsa, na rufe wurin da falle ɗaya na kwano. Duk da haka ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, kuma a tasharmu wannan shi ake kira mota mai amana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na saba da ajiye ƙwarya a wurin.

Ɗan gwaggon nan nawa a Safana yake zaune, can aka aurar da mahaifiyarsa. Ya girme ni da shekara biyu, kuma shi ma direba ne, motarsa irin tawa ce sak, sai dai shi mutum ne mai kula. Yana kwaso mutanen Zakka da Babban Duhu ya kawo su kasuwar Batsari, ya mayar da su. Da yake ɗan mace da ɗan namiji ne mu, taubasai muke, kuma tun muna yara ba mu taɓa yin magana ta hankali ta minti biyar ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, ba a taɓa raba gardamar ba. Idan ya shigo tasha, tun daga nesa zai ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa mai tura gawa zuwa Katsina?" Ni kuma in ce masa mutumin ƙauye ya shigo birni, kowa ya ɓoye tuwonsa. Bakinsa ya fi nawa kaifi nesa ba kusa ba. Idan ya samu abin tsokana a kanka, sai ya shekara yana jan sa, har mai shayi da mai faci su haddace.

Akwai shekarar da aka matsa kan takardar lafiyar mota. Masu duba motoci suka riƙa tsayawa a mashigar Katsina, wanda ba shi da ita a ajiye motarsa. Kuma ba a ba ka ita sai ka kai motar da kanka an dube ta. Abubuwan da ke kayar da mu ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a wurin kowa: taya mai sanƙo, fitilar birki da ta mutu, fitilar gaba mai ido ɗaya, waifar goge gilashi da ta bushe, salansa mai hayaƙi, sitiyari mai wasa, gilashi mai tsaga. Sai kuma tukunyar kashe gobara, wadda yawancinmu ba mu taɓa riƙe ta ba.

Sai tasha ta samo dabararta. Aka haɗu aka sayi tukunya ɗaya, waifa biyu masu kyau da madubi ɗaya, aka zuba a buhu aka ajiye wurin mai shayi. Kayan Sallah muke kiransu. Duk wanda ranarsa ta zo ya ɗauka ya yi wa motarsa kwalliya, in ya dawo ya cire ya mayar. Taya ce kawai ba ta shiga buhu. Ita sai ka nemi wanda nasa ke da sauran zane, ku yi musaya na yini guda: ka ɗaura nasa ka tafi Katsina, shi ya ɗaura naka ya jira ka. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ha'inci. Zumunci muka ɗauke shi, kamar yadda ake ara wa ango babbar riga. Ban taɓa jin wani ya tsaya ya tambayi ina lalatattun tayoyin suke kwana ranar da masu kyau suka tafi jarrabawa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Taubashina bai daɗe da sayen tayoyi huɗu ba a lokacin. Da na roƙe shi a waya, sai da ya sa na ce shi ne ubangidana sau uku kafin ya yarda. Muka shirya ranar kasuwa: ya kawo mutanensa da safe, mu yi musaya, in je in dawo kafin azahar, ya karɓi kayansa ya mayar da mutane gida.

Yanzu ga abin da ban gaya masa ba. Cikin tayoyina akwai ɗaya da ta kumbura a gefe, ƙulu kamar rabin lemo, tun ranar da na faɗa wani rami da lodi. Duk direba ya san ma'anar wannan: zaren ciki ya tsinke, iska ce kawai ke jiran ƙofa. Maimakon in jefar da ita, sai na kai ta wurin wani mai faci a Katsina wanda bai san ni ba, ya cire ta ya juya kumburin ya koma ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta a ƙasa. Na ɗaura ta a baya, na riƙa lallaɓa ta, ba na gudu, ba na bari a jibga buhu a saitinta. Wata uku muna haka, ni da ita, ba wanda ya sani.

Da safen nan ya iso, ya sauke mutanensa, muka jera motocin a gaban mai facin tasha. Da yake motocin iri ɗaya ne, ba a ɓata lokaci, da ƙarfensu ake ciro tayoyin a musanya. Ya zagaya tawa yana taɓa su da ƙafa.

"Kai bawana, waɗanga tayoyi ne ko tafin hannun jariri? Ko kan limaminmu ya fi su gashi."

Mutane suka kwashe da dariya. Maganar tana bakina a lokacin, na rantse tana bakina. Kalma biyar ce ko shida: akwai mai kumburi, kar ka hau. Amma na hango abin da zai biyo baya. Zai sa a mirgino tayar tsakiyar tasha, ya tara jama'a, ya nuna yadda na ɓoye ta, ya raɗa mini suna da ita, in mutu da sunan. Na ce a raina ai ba inda za shi, a tsaye motar za ta yini. Sai na rama da cewa tayoyin nasa ma yau ne za su fara ganin birni, na juya na tafi ɗaura waifar aro. Ban tsaya na ga wace taya mai faci ya sa a wane gurbi ba.

A Katsina na tarar da layi. Wanda ya duba ni wani dattijo ne mai farin gemu, ba shi da hayaniya. Ya dubi tayoyin, ya dubi sauran motar, ya dube ni.

"Direba, takalman nan sun fi ƙarfin rigar," in ji shi.

Na ce ai yanzu na fara gyara, daga ƙasa nake tahowa. Ya sa na kunna fitilu, na danna hon, na motsa waifa. Da ya zo kan birkin hannu, ya ja, motar ta ci gaba da silalewa abinta. Ya ce in je a ɗaure shi, a kuma canza ƙwan fitilar birki na dama, in dawo. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ni na ɓoye nawa, na wasu wuraren ne suka fito. Kafin in sami bakanike, ya gama da wanda ke gabana, ya gyara, in koma layi, la'asar ta kawo jiki.

Ina cikin layin ne wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Kana ina? Mutanena sun gama kasuwa, sun cika mota suna kallona."

Na ce ya ƙara haƙuri, saura mota uku a gabana.

"Ka san hanyarmu ba a yin magariba a kanta. Akwai mata, akwai tsofaffi. Bari in tahi da sanƙon naka, gobe da sassafe in kawo maka abinka."

Gaskiya ya faɗa. A shekarun nan duk mai hankali yana son rana ta faɗi yana cikin gidansa, balle mai zuwa Babban Duhu. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, kuma babu jama'a a wurin, daga ni sai shi a waya. Na buɗe baki, sai na tuna a baya mai kumburin take, tayar baya ko ta fashe mota ba ta cika ƙwacewa ba. Haka na gaya wa kaina, alhali ban san inda aka ɗaura ta ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "To ka bi a hankali, ba irin tuƙin ƙauye ake yi musu ba." Ya ce in ci gidanmu, ya kashe waya yana dariya.

Aka buga mini hatimi. Ina tafe ina jin daɗin yadda motar ke kwanciya a kwana da tayoyin kirki, har ina cewa ashe haka ake ji. Ban kai Batsari ba aka kira ni.

Ashe a gaba aka ɗaura tayar mai kumburi, ɓangaren direba. Ya ɗan taka mota don ya riga duhu, ga lodin buhuna a sama, ga zafin kwalta. Ta fashe, motar ta ja hagu, ta sauka daga titi ta kwanta a gefenta. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Wani tsoho ya zubar da haƙora biyu, wata mata ta goce a kafaɗa, sauran ƙujewa ce. Shi kuwa hannunsa na kan taga kamar yadda muke yi dukkanmu, motar ta kwanta a kansa.

An yi masa aiki a asibiti a Katsina, daga baya aka kawo shi gidanmu a Batsari don ya fi kusa da masu duba shi. A ɗakin zaure na shimfiɗa masa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsun ba su ƙara dunƙulewa ba. Motarsa kuwa 'yan gwangwan ne suka saye ta. Masu zuwa dubiya kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, ni ma in ce haka ne. Ba wanda ya zarge ni. Taya ta fashe, kuma taya takan fashe. Wadda ta yi ɓarnar ta yage ta yadda ba mai iya gane yadda take a da.

Da na ce zan cire tayoyinsa in sayar in kawo masa abin da aka samu, sai ya harare ni. "Ka bar su nan. Ko ba komai a ce bawana ya taɓa taka abin arziki." Haka na ci gaba da hawa su. Kullum da safe in fito in wuce shi a zaure yana koyon ɗaura agogo da hannu ɗaya, ya jefe ni da tsokana, in mayar masa, in je in tayar da mota a kan tayoyinsa. Ban taɓa sanin wasa yana iya yi wa mutum nauyi haka ba. Duk dariyar da ya ba ni sai in ji kamar na sace ta ne. Na rame a shekarar, matata ta yi ta tambaya ko ciwon shawara ne ke damuna.

Da ya warware, manyan tasha suka ba shi aikin kamasho, yana kiran fasinja yana tsara lodi. Ya ɗauko iyalinsa daga Safana, ya kama haya kusa da mu. Aikin ya karɓe shi, don mai baki irin nasa ko dutse zai iya sa wa ya shiga mota.

Shekara ta zagayo, lokacin sabunta takarda ya yi. Wani abokin aikinmu, mutumin kirki mai 'ya'ya bakwai, ya same ni ya ce in ara masa tayoyi na yini ɗaya. Na ce a'a. Ya ɗauka wasa nake, ya sake tambaya, na sake cewa a'a. Kafin azahar labari ya gama tasha: wanda aka yi wa rana ya ƙi yi wa wani. Har da masu cewa tayoyin ma ai ba nawa ba ne.

Bayan la'asar taubashina ya same ni a dakalin ƙofar gida. Ya zauna, ya ɗora hannun a cinya kamar yadda ya saba yi yanzu.

"Mi ya same ka? Rowa da kayan ubangidanka?"

Na ce masa akwai maganar da nake so mu yi, ba ta wasa ba. Ya ce shi bai san ina da irin wannan ba. Sai na gaya masa. Na gaya masa ramin, da kumburin, da mai facin Katsina, da yadda maganar ta zo bakina sau biyu na haɗiye ta. Ban rage komai ba. Da ya tambaye ni dalili, shi ma na faɗa, duk da shi ne ya fi wuyar faɗa: tsoron bakinsa nake yi.

Wata akuya ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Na zaci zai zage ni, ko ya ce ya yafe, ko ya ce ai rubutacce ne. Na shirya wa ukun.

"Da ka faɗa mani, da ban hau ba," ya ce. "Da na sa mutanena a motar wani. Akwai ɗiyar maƙwabcina a ciki da goyo."

Na ce na sani.

"Ni kake jin tsoro? Duk shekarun nan, ashe tsoro kake ji?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa da hannu ɗaya. "To, Malam, sai da safe. A gaida iyali."

Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba.

Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Bai daina zuwa gidanmu ba, ranar suna da ranar Sallah yana cikin na farko. Daga baya ya aiko gwaggo ta ce mini ya ce ya yafe duk abin da ke tsakaninmu, ita kuma tana ta mamakin me zai shiga tsakanin taubasai. Na yarda ya yafe, don ba mutum ne mai magana biyu ba. Amma tun daga ranar, gaisuwa yake yi mini cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon kirki: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya hanya. Ina jin sa yana yi wa sauran direbobi tsiya, tasha na dariya, idan ya iso kaina sai ya gyara murya.

Na sha tunanin abin a hanya, musamman wurin da kwalta ta miƙe babu abin yi sai riƙe sitiyari. Dattijon nan na Katsina bai yi kuskure ba, abin da aka kai masa ya duba, kuma abin da ya rubuta gaskiya ne a ranar: motar da ke gabansa lafiyarta ƙalau. Cutar ba ta warke ba, gida ta canza. Na kwashe ta daga motar da mai ita ya san da ita na zuba a motar da mai ita bai sani ba. Tsohuwar mota tana tafiya ne da abin da direbanta ya sani game da ita, ni kuma na ba da tayar na riƙe sanin.

Buhun kayan Sallah yana nan wurin mai shayi, ana ta amfani da shi. Musayar taya ce dai ta ja baya a tasharmu, ba don wani ya hana ba. Abin da ya faru shi ne, taubashina ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk motar da za ta yi lodi, sai ya zagaya ta tukuna. Ya durƙusa a gaban kowace taya, ya zura hannunsa na dama ta baya, ya shafa gefen ciki tun daga sama har ƙasa. Idan ya ji abin da bai gamsu da shi ba, ba ya kiran fasinja ko mutum ɗaya, kowa ye mai motar. Direbobi sun yi ƙorafi da farko, suka gaji suka bari. Suna cewa tun haɗarin nan ya zama haka, kuma ba su yi ƙarya ba.

Tawa ma yana duba ta, kowace safiya. Na canza tayoyi sau da yawa tun daga lokacin, ba na bari su kai ko kusa da sanƙo, kuma ya san haka. Duk da haka sai ya durƙusa. Ni kuma in tsaya a gefe da makulli a hannu, kamar ɗalibi a gaban allo, in jira ya gama huɗun. Wani lokaci idan ya daɗe a kan ɗaya, sai zuciyata ta ɗan tashi, in ce yau zai ɗago ya ce wannan gawar har yanzu ba a binne ta ba, ya kira ni da sunan da ya saba. Sai ya dafa ƙarfen motar ya miƙe, ya goge hannunsa a jikin wando.

"Lafiya lau, Malam," ya ce. "A yi lodi."